Ku Tambaya Mu Amsa: Doguwar Tafiya da Kwanakin Farko a Ƙasar Waje

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duka sun karkata ga batu guda, wato doguwar tafiya a jirgin sama da abin da mutum ke tararwa idan ya sauka a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Na zaɓi guda shida daga cikinsu, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba yi a wannan fili.

TAMBAYA: Malam, salamu alaikum. Ni ɗaliba ce, na samu gurbin karatu a wata ƙasa mai nisa, kuma an ce zan shafe sama da awa goma sha biyu a cikin jirgi ba tare da an sauka ba. Wata ƙawata ta ce mini mutane kan mutu saboda daskarewar jini idan sun daɗe a zaune, tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Shin gaskiya ne, kuma me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata, ina taya ki murna. Maganar ƙawarki tana da tushe, sai dai ta zuzuta ta fiye da yadda take. Jinin da ya sauka ƙafa yana komawa zuciya ne da taimakon tsokar sharaɓa, wadda ke matse jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka ƙasa, don haka idan aka daɗe a zaune gwiwa a lanƙwashe sai gudun jinin ya ragu, a wasu mutane har ya dunƙule a cikin jijiya. Abin tsoron shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike wanda ya nuna cewa haɗarin yakan ninka kusan sau biyu bayan zaman awa huɗu ko fiye, a jirgin sama ne, ko a mota, ko a jirgin ƙasa, amma ko da ya ninka ɗin, abin yakan sami kimanin mutum 1 ne cikin 6,000. Waɗanda ya kamata su ga likita kafin tafiya su ne masu juna biyu da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙiba sosai, da mai ciwon daji, da matan da ke shan wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa, da duk wanda abin ya taɓa samunsa. Irin waɗannan likita kan ba su shawarar safa mai matse ƙafa, wani lokaci har da magani.

Ke kuwa, idan ba kya cikin waɗannan, abin da ake buƙata daga gare ki kaɗan ne. Ki nemi kujerar gefen hanya maimakon ta taga, domin wanda ke jikin taga yakan ji nauyin tashin mutum biyu daga barci, sai ya haƙura ya zauna daram har a sauka. Ki riƙa tashi bayan kowace awa ɗaya ko biyu kina takawa zuwa bayan jirgi, idan kuma kina zaune ki riƙa ɗaga duddugenki kina saukewa, kina juya idon sawu. Ki sa tufafi masu yalwa, kada ki cusa jaka a ƙarƙashin kujerar gabanki har ƙafa ta rasa wurin miƙewa, kuma kada ki sha maganin barci da niyyar ki farka a can. Idan bayan kin sauka, ko da da mako biyu ne, kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara yi miki wuya tare da ciwon ƙirji, to ki nufi asibiti nan take, ki kuma gaya musu cewa kin yi doguwar tafiya.

Akwai wasu abubuwa da za su ba ki mamaki alhali ba ciwo ba ne. Jirgin zai riƙa tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000, inda sanyin waje kan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, iskar da ke ciki kuma an daidaita ta ne kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma danshinta bai cika kai kashi 20 cikin ɗari ba. Wannan ne ke sa leɓe ya tsage, hanci ya bushe, abinci ya yi lami, ciki ya ɗan kumbura, takalmin da aka cire ya ƙi shiga da sauƙi lokacin sauka. Ki yawaita shan ruwa, ki ajiye man leɓe a kusa. Kunne ya fi toshewa idan jirgi ya fara gangarowa, maganinsa kuma haɗiyar yawu ne, ko hamma, ko taunar cingam. Ki bar bel ɗinki a ɗaure ko da an kashe fitilar gargaɗi, domin jirgi kan faɗa cikin gargadar iska ba tare da sanarwa ba, kuma mafi yawan masu jin rauni a irin wannan hali waɗanda ba su ɗaura ba ne. Don hankalinki ya ƙara kwanciya, akwai jirgin da ke tashi daga Singafo zuwa New York ba tsayawa, tafiyar sama da kilomita 15,000 wadda ke cin kusan awa 18 ko fiye, kuma fasinjojinsa da ƙafarsu suke sauka.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne mai ciwon sukari da hawan jini, zan je duba ɗana a ƙasar waje. Ta yaya zan tafi da magungunana ba tare da an ƙwace su ba?

AMSA: Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya. Magani a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin akwatin da za a ba ma'aikata ba, saboda akwati kan makara ko ya ɓata, allurar insulin kuma sanyin ma'ajiyar kaya na iya lalata ta. A bar kowane magani cikin kwalinsa na asali, a haɗa da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, domin sunan kasuwa yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a ɗauki abin da zai wuce kwanakin tafiyar da ɗan rara. Tun shekarar 2006 yawancin filayen jirgi ba sa barin a shiga da ruwa ko mai a mazubin da ya wuce mililita 100, amma an keɓe magani da abincin jarirai, muddin an nuna su a wurin bincike. Abin da nake so a kiyaye sosai shi ne magungunan kashe zafi irin su tiramadol da kodin, waɗanda ƙasashe kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar ke ɗauka da tsanani, har mutum kan shiga hannu a kansu idan ba shi da takarda, Japan ma ta haramta shiga da wasu magungunan mura. A kuma tambayi likita yadda za a jera lokutan allura idan agogo zai canza da awoyi masu yawa. Batirin cajin waya shi ma a jakar hannu ake barinsa. Sannan, don Allah, kada a karɓi saƙon kowa a ƙulle da sunan a kai wa wani, ko da mai bayarwar ya yi kama da mutumin kirki.

TAMBAYA: Ɗan'uwa mai wannan fili, ni ɗan kasuwa ne, na ga tikiti mai rahusa amma sai an yada zango sau biyu. Na kuma ji ana cewa akan maido mutum daga filin jirgi alhali yana da biza. Yaya abin yake?

AMSA: Ɗan'uwa, abin da ka ji gaskiya ne, kuma mutane da yawa ba su fahimci dalilinsa ba. Biza izini ce ta zuwa bakin ƙofa, amma jami'in shige da fice da ke zaune a cikin ɗan akurkin gilashi shi ne mai cewa a shiga ko a koma. Tambayoyinsa ba su da yawa: me ya kawo ka, kwana nawa za ka yi, ina za ka sauka, wa zai ɗauki nauyinka, yaushe za ka koma. Abin da yake aunawa shi ne ko amsarka ta yi daidai da abin da ka rubuta lokacin neman biza. Ka amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice, kada ka ƙara da dogon labari, kada ka yi raha, kuma idan ba ka gane tambayar ba ka nemi a maimaita ko a kira tafinta, wannan ya fi ka gyaɗa kai a kan abin da ba ka ji ba. Ka riƙe tikitin dawowa da adireshin masauki da takardar gayyata a buge a takarda, domin waya kan mutu daidai lokacin da aka fi buƙatarta, a wasu filayen ma ba a yarda a taɓa ta a wannan layi ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka duba fasfonka tun yanzu. Ƙasashe da yawa suna so ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare, ƙasashen Turai na yankin Shengen kuma, wato waɗanda suka haɗu a kan biza ɗaya suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, suna neman sauran wata uku bayan ranar da za ka fita, kuma bizarsu ta ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180. Idan ana neman katin rigakafin shawara, ka sani ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, amma tun 2016 ƙa'idar duniya ta mayar da shi na har abada.

Zancen yada zango shi ne inda arha kan zama tsada. Amurka ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba, don haka ko jirgi kawai za ka canza sai kana da izinin shiga, kuma a al'ada a filin farko da ka sauka za a duba takardunka, ka ɗauki kayanka, ka sake miƙa su. Birtaniya da wasu ƙasashen Turai suna neman bizar wucewa daga 'yan wasu ƙasashe ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Akwai kuma wani tarko da ya kama mutane da yawa: idan zango biyun duka a cikin yankin Shengen suke, misali Faris sannan Madrid, to jirgin da ke tsakaninsu ana lissafa shi kamar na cikin gida, wato sai ka shiga yankin, kuma hakan na buƙatar cikakkiyar biza. Ka kuma tabbata tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar gaba ɗaya. Idan haka ne, kuma jirgin farko ya makara, kamfanin ne zai nemo maka wani, amma idan tikiti biyu ka saya daban daban, asarar taka ce kai kaɗai, kuma kayanka ba za su wuce da kansu ba. A ganina duk zangon da bai kai awa biyu ba a babban filin jirgi kasada ne ga wanda bai san wurin ba, tunda akan rufe ƙofar shiga kafin lokacin tashi, tafiya daga wannan ɓangare zuwa wancan kuma kan ci rabin awa. Lokutan da ke kan tikiti na garin da abin zai faru ne, ba na agogon hannunka ba.

Tunda kasuwanci ne zai kai ka, ga batun kuɗi. A Tarayyar Turai wajibi ne ka bayyana tsabar kuɗin da ya kai yuro 10,000, a Amurka kuma wanda ya haura dala 10,000. Bayyanawar ba haraji ba ce, ba kuma laifi ba ne ɗaukar kuɗin, ɓoyewar ce ke sa a ƙwace. Haka nan abinci da tsirrai da iri, musamman a Ostireliya da New Zealand, inda ɗan itacen da aka manta a jaka kan jawo tara. Idan kana shakkar wani abu, ka rubuta shi a takardar kwastam, mafi munin abin da zai faru shi ne su jefa shi a kwandon shara.

TAMBAYA: Malam, mijina ya dawo daga tafiya mai nisa, kusan mako guda ke nan yana barci da rana, yana kwana ido biyu, ga saurin fushi. Anya ba wani ciwo ya ɗauko ba?

AMSA: Hajiya, idan babu zazzaɓi ko gudawa ko tari, mai yiwuwa saɓanin agogo ne kawai ke damunsa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, shi ya sa aka raba ta yankunan lokaci, ana lissafi daga layin Greenwich da ya ratsa Landan, wanda aka amince da shi a wani taro a Washington a 1884. Jikin ɗan'adam kuma yana da nasa agogon a cikin ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara lokacin barci da yunwa da zafin jiki da fitar sinadarai, kuma hasken da ke shiga ido ne ke saita shi. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Jirgi kan tsallake yankuna takwas cikin yini guda, agogon jiki kuwa ba ya matsawa fiye da kimanin awa ɗaya a rana, don haka wanda ya tsallake takwas zai iya buƙatar mako guda ko fiye kafin ya daidaita. Tafiya gabas ta fi wuya, saboda agogon yawancin mutane ya ɗan zarce awa 24, kuma ya fi sauƙi a tsawaita wa jiki yini da a gajarta masa. Shi ya sa wanda ya tashi daga Jamus zuwa Afirka ta Kudu, tafiyar awa goma ko fiye, zai gaji amma barcinsa ba zai rikice ba, tunda bambancin agogon bai wuce awa ɗaya ba, wanda kuwa ya bar Tokyo da yamma ya nufi Los Angeles zai sauka da safiyar ranar da ya tashi.

Ni kaina na ɗanɗana. Zuwana Tokyo na farko, agogon da na baro yana bayan nasu da awa takwas, na kwanta ƙarfe goma sha ɗaya na dare ina ganin na fi ƙarfin abin, sai ga ni na farka ƙarfe biyu da rabi, ido garau, yunwa tana ƙwaƙular cikina kamar wanda ya wuni bai ci ba. Na ɗaga labule, titi wayam, babu abin da ke haske sai injin sayar da lemo a kusurwa, na zauna a bakin gado ina kallonsa har gari ya waye. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe kuma, a tsakiyar taron da ya kai ni, ƙarar faɗuwar alƙalamina a ƙasa ce ta farkar da ni, mutumin da ke kusa da ni ya sunkuya ya ɗauko ya ajiye mini ba tare da ya kalle ni ba.

Abin da zai taimaki maigidan shi ne ya bi agogon inda yake, ya ci abinci lokacin da ake ci, ya fita cikin hasken rana, kada ya kulle kansa a ɗaki mai duhu. Wanda ya yi yamma hasken la'asar ne ke taimaka masa, wanda ya yi gabas kuma na hantsi. Idan barci ya rinjaye shi da rana, ya rintsa na minti ashirin ko talatin, ki tashe shi ko da zai yi ƙorafi, ya kuma guji kofi da shayi mai ƙarfi bayan azahar. Kada ya yi dogon tuƙi a waɗannan kwanaki. Idan aka wuce mako biyu ba canji, ko zazzaɓi ya bayyana, sai a ga likita a gaya masa ƙasar da ya fito.

TAMBAYA: Malam, na sauka akwatina bai zo ba, na koma masauki ina jira su kira ni, har yau shiru.

AMSA: Ƙanena, kuskuren shi ne fita ba tare da kai rahoto ba. Akwai teburin kayan da suka ɓata kusa da inda ake ɗaukar akwatuna, a can ake cike takarda, a nuna ɗan tambarin da aka manna maka lokacin karɓar kaya, a ba ka lambar bin sawu. Ka tuntuɓi kamfanin jirgin da ya sauke ka yau ɗin nan, a rubuce. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara haƙƙin fasinjojin jirgin sama tsakanin ƙasashe, kayan da suka lalace ana ƙorafinsu cikin kwana 7, na waɗanda suka makara cikin kwana 21 daga ranar da aka miƙa su, idan kuma akwati ya wuce kwana 21 bai zo ba ana lissafa shi ɓatacce ne, ka nemi diyya. Ka adana rasiɗin duk abin da larura ta sa ka saya.

TAMBAYA: Malam, mako uku ke nan da zuwana wani birni a arewacin Turai. Na taho da ɗoki, amma tun daga ranar farko jikina ya yi sanyi. Ba mai gaishe ni, a jirgin ƙasa kowa ya yi tsit, ƙarfe huɗu gari ya yi duhu, har na ga mutane suna kwana a bakin tasha cikin sanyi, abin da ban taɓa zaton gani a nan ba. Ina jin na yi kuskuren zuwa. In tattara in koma?

AMSA: Ɗana, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Kafin mu zo ga komawa, ka tuna halin da kake ciki a ranar da ka yanke wa garin hukunci. Ka kwana a zaune, ka sha layi, an yi maka tambayoyi da harshen da kunnenka bai saba da saurinsa ba, cikinka bai karɓi abincin jirgi ba, ga ja da akwati cikin sanyin da tufafinka ba su isa su tare ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ba a karɓar shaidarsa a kan gari guda, domin rabin abin da ya gani gajiyarsa ce. Haka nan wanda ya sauka ya ga filin jirgi na ƙyalli da matakala mai tafiya da kanta ya ce ya shigo aljannar duniya, shi ma bai ga ƙasar ba tukuna, ya ga zauren da aka share domin baƙi ne. Hotunan da muke gani kafin mu taho an zaɓe su ne, ba a ɗaukar mai kwana a bakin tasha, alhali babu babban birnin da ba shi da irinsa.

Ni ma a watan Disamba na fara sauka a Landan, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Na fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ina jan akwati, na zo tsallaka titi, na duba hagu na ga ba mota, na ɗaga ƙafa, sai na ji an finciko hannun rigata ta baya, wata jar bas ta wuce ta dama har iskarta ta kaɗa ni. Wata tsohuwa ce, ta nuna mini rubutun da ke ƙasa a bakin titin, wanda ke cewa a duba dama, ta saki rigata ta yi gaba, ko kalma ɗaya ba ta furta ba. A daren nan na rubuta wa gida cewa mutanen garin ba su da fara'a. Sai da aka ɗauki lokaci na lura cewa matar da na ce ba ta da fara'a ita ce ta tsamo ni daga ƙarƙashin mota. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji masu iya magana, ni kuwa ranar ga idon ga rubutun, ban gani ba.

Abin da kake ji sananne ne a wurin masana. Wani masanin halayyar al'umma, Kalervo Oberg, ya bayyana shi a wata lacca a Rio de Janeiro a 1954, aka buga ta a 1960, inda ya ce baƙo yakan fara da ɗoki, sannan ya shiga ƙunci da ganin laifin komai, daga baya ya fara gane hanya, har ya saba. Ba kowa ke bin matakan a jere ba, kai ma ga shi duhun hunturu ya sa ka tsallake na farko, amma dalilin da ya bayar yana da ƙarfi: mutum yakan rasa ƙananan alamun da ya saba dogara da su ba tare da ya sani ba, kamar yaushe ake gaisuwa, yaushe ake kallon ido, nawa ne tazarar da ake bari tsakanin mutum da mutum, me shiru yake nufi. Shirun da ka ji a jirgin ƙasa a wurinsu ladabi ne, wato kada a takura wa na kusa, kuma mutumin da bai gaishe ka ba sau da yawa zai raka ka har bakin ƙofa idan ka nuna masa adireshi ka nemi taimako. Ba ina cewa babu wariya ko wulaƙanci ba, akwai su, kuma idan ka gamu da su ka kai ƙara inda ya dace, sai dai mako uku bai isa ka rarrabe wanda ya ƙi ka da wanda haka ɗabi'arsa take ga kowa ba.

Shawarata ita ce kada ka yanke hukuncin komawa a cikin hunturu. Ka sayi riga mai kauri ta gaske da takalmin da ruwa ba ya shiga, domin yawancin baƙin cikin sabon zuwa daga sanyin ƙafa yake farawa. Ka fita kullum da tsakar rana ko na rabin awa ne, ka riƙa bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya har fuskoki su fara maimaituwa, ka koyi gaisuwa da godiya da neman afuwa a harshensu, ka haddace lambar gaggawa, wadda ita ce 112 a duk Tarayyar Turai. Ka nemi waɗanda suka riga ka zuwa, amma kada ka zauna kullum da masu zagin garin, kuma ka rage kwana kana waya da gida, saboda hakan yana riƙe jikinka a agogon da ka baro. Idan ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ka barci da cin abinci, ko ka fara jin rayuwa ta fita daga ranka, wannan ya wuce kewar gida, ka ga likita ba tare da jin kunya ba.

Ka kuma sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ke ba ka mamaki, ko ƙamshin tasha ne, ko yadda ake biyan kuɗin bas, ko yadda maƙwabci ke raba shara gida uku, domin nan da wata shida idonka zai daina ganinsu. Daga 21 ko 22 ga Disamba yini zai fara ƙaruwa, a Lahadin ƙarshe ta watan Maris za a tura agogo gaba da awa ɗaya, a watan Yuni kuma za ka ga rana tana nan har bayan ƙarfe tara na dare. Ka sake rubuto mini a watan Afrilu, ka gaya mini ko direban bas ɗin da kake hawa da safe ya fara ɗaga maka kai.